Sharhi kan wani dandalin rubuta yarjejeniyar dukiya tsakanin ma'aurata

A 'yan shekarun nan an samu kamfanoni da dama a intanet masu sayar da hidimar rubuta yarjejeniyar dukiya, ko dai tsakanin masu shirin aure, ko tsakanin waɗanda aka riga aka ɗaura wa aure suna zaune tare, kuma kusan dukkansu alkawari ɗaya suke yi, wato mutum zai samu takardar da za ta kare masa abin da ya mallaka ba tare da ya yi ta zarya a ofishin lauya ba. Ni da maigidana mun yi amfani da ɗaya daga cikinsu kafin aurenmu, sannan muka sake komawa gare shi bayan wasu shekaru lokacin da al'amuranmu na kuɗi suka canza, saboda haka na ga ɓangarorin hidimar biyu daga ciki. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin tsarin da yake bi shi ne wanda takwarorinsa suke bi, kuma abin da zan yaba ko in kushe ya fi shafar salon aikin a kan tambarin da ke saman shafin. Ra'ayina tun daga farko shi ne, dandalin ya ƙware wajen sa mutum biyu su baje gaskiyar dukiyarsu a gaban juna, amma ya yi sakaci sosai a kan abubuwan da ke sa kotu ta mutunta takardar ranar da aka buƙace ta.

Kafin a auna hidimar ya kamata a san abin da ake saye. Duk auren da hukuma ta amince da shi yana zuwa da ƙa'idojin dukiya, ma'auratan sun sani ko ba su sani ba, domin dokar wurin da suke zaune ta riga ta tanadi yadda za a yi da abin da suka tara idan suka rabu ko ɗayansu ya rasu. A jihohi 9 na Amurka, ciki har da Kalifoniya da Teksas, abin da kowannensu ya samu da guminsa a cikin zaman aure mallakar su biyun ne. A Faransa, waɗanda suka yi aure daga 1966 zuwa yau ba tare da wata yarjejeniya ba suna tarayya a kan abin da aka samu bayan aure, amma kowa yana riƙe da abin da ya shigo da shi da abin da ya gada. A Afirka ta Kudu abin ya zarce haka, domin idan ba a rubuta yarjejeniya kafin aure ba, dukiyar kowa da bashin kowa, na da da na yanzu, haɗewa suke yi wuri ɗaya. A Ingila da Wales kuwa alƙali ne yake dubawa ya raba yadda ya ga ya yi daidai. Yarjejeniyar kafin aure, da wadda ake yi bayan an ɗaura shi, hanya ce ta maye gurbin waɗannan ƙa'idoji da waɗanda mutum biyun suka zaɓa da kansu, iyakar abin da doka ta yardar musu. Dandalin ya bayyana wannan batu a shafinsa na farko cikin harshe mai sauƙi, kuma ya cancanci yabo a nan, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa idan ba a rubuta komai ba kowa ya tsira da nasa ke nan.

Aiki da shi ba shi da wahala. Mutum ɗaya zai buɗe asusu ya aika wa ɗayan gayyata ta imel, daga nan kowa ya shiga da kalmar sirrinsa ya amsa tambayoyi shi kaɗai, ba tare da ganin amsar abokin zamansa ba sai ya kammala. Tambaya ta farko ita ce wurin zama, domin daga ita ake zaɓo dokar da za a gina daftarin a kanta. Manhajar tana tafiya lafiya a waya da kwamfuta, tana kuma adana abin da aka cika idan aka tsaya a tsakiya.

Inda hidimar ta fi burge ni shi ne sashen bayyana dukiya. Jadawali ne mai tsawo wanda ya fara da gida da fili da mota, ya wuce zuwa asusun banki da hannun jari da fansho da kason da mutum yake da shi a wani kasuwanci, sannan ya juya kan basussuka: bashin karatu, katin bashi, lamunin mota, harajin da ba a biya ba, har da bashin da mutum ya tsaya wa wani. Kowane layi yana neman adadi da kwanan wata da takardar shaida. Layin da aka bari babu komai yakan koma ja, maɓallin ci gaba kuma ya ƙi dannuwa har sai an rubuta adadi ko an tabbatar da cewa babu. Ranar da muka buɗe jadawalin juna, na ga wani layi a na maigida inda ya rubuta cewa ya tsaya wa ƙaninsa a wani lamunin kasuwanci, maganar da ba mu taɓa yi ba. Da na ɗago na dube shi sai ya ce, "Ai ba ni na ci bashin ba, hannu kawai na sa masa." A ƙarƙashin layin kuwa akwai ɗan bayani mai cewa wanda ya tsaya wa mai bashi shi banki zai kama idan mai bashin ya gaza biya. Ba ɓoyewa ya yi ba, bai dai taɓa lissafa abin a matsayin nauyi a kansa ba, kuma da a baki muka yi ta hirar kuɗi, da wuya maganar ta taso. Jadawali ba ya jin kunyar tambayar da masoya suke jin nauyin yi wa juna, kuma wannan kaɗai ya kusa biyan kuɗin da aka kashe.

Amfanin wannan sashe bai tsaya a fahimtar juna ba, domin a kansa yarjejeniyar take tsayawa a gaban shari'a. Dokar samfuri kan yarjejeniyar kafin aure da aka tsara a Amurka a 1983, wadda fiye da rabin jihohin ƙasar suka ɗauka ta wata siga, ta sanya rashin bayyana dukiya cikin abubuwan da ake dubawa idan ana son rushe yarjejeniyar da rashin adalcinta ya yi yawa. Akwai kuma wani amfani da ba a cika lura da shi ba, wato jadawalin shi ne shaidar abin da kowa ya shigo da shi. A Jamus, inda ake raba ƙarin da dukiyar kowa ta yi a cikin zaman aure idan ba a yi wata yarjejeniya ba, doka tana ɗaukar cewa duk abin da mutum yake da shi a ƙarshe ƙari ne, muddin ba a rubuta jerin dukiyar farko ba, sai fa idan ya kawo hujja. Neman takardar banki ta shekara goma sha biyar da ta wuce, a lokacin da zukata suka ɓaci, ba ƙaramin aiki ba ne. Dandalin yana liƙa jadawalin biyu a bayan yarjejeniyar su zama ɓangarenta, kuma haka ya dace a yi.

Bayan bayyana dukiya sai rarrabewa, wato wane abu ne na mutum shi kaɗai, wane ne na tarayya. A kan mota ko tsohon asusun ajiya babu wata wahala. Wahalar tana wajen abubuwan da ke girma ko cuɗanya: gidan da aka saya kafin aure amma ake biyan jinginarsa da albashin da ake samu bayan aure, kasuwancin da darajarsa ta ninka saboda ɗaya yana shago dare da rana ɗayan kuma yana riƙe da gida, ko kuɗin gado da aka zuba a asusun haɗin gwiwa aka yi ta cirewa ana ƙarawa har ba a iya gane asalinsa. Dandalin yana tambaya a kan duk waɗannan, yana kuma ba da zaɓi fiye da ɗaya, sai dai bayanin da ke tare da kowane zaɓi gajere ne ƙwarai idan aka kwatanta da girman abin da ake yanke wa hukunci. A kan bashi kuwa tallar kamfanin ta yi zuzutawa. An rubuta da manyan haruffa cewa yarjejeniyar za ta kare mutum daga bashin abokin zamansa, alhali takarda ce tsakanin mutum biyu, banki ba ya cikinta. Idan miji da mata suka sa hannu tare a kan lamuni, banki zai bi duk wanda ya fi sauƙin kamawa, abin da yarjejeniyar take bayarwa kawai shi ne 'yancin wanda ya biya ya nemi ɗayan ya mayar masa. Wannan ƙarin bayani yana nan a shafin, amma sai mai haƙurin karanta ƙananan rubutu zai kai gare shi.

Da kowa ya gama, manhajar takan jera wuraren da amsoshi suka saɓa, nawa a hagu nasa a dama, ba ta kuma fitar da daftari sai an daidaita kowanne. Dabara ce mai kyau, domin tana hana mai ƙarfin baki ya cika fom ɗin shi kaɗai ya miƙo wa ɗayan ya sa hannu. Sai dai akwai wani abu da ya ɓata ta. A mafi yawan tambayoyin an riga an zaɓa wa mutum amsa kafin ya taɓa komai, kuma kusan kullum amsar ita ce kowa ya riƙe nasa, babu mai bin wani komai bayan rabuwa. A ido wannan ya yi kama da adalci, amma a zahiri wanda ya fi dukiya ko ya fi albashi yake amfana, shi kuwa wanda zai rage aiki domin rainon yara, ko ya bar garinsu ya bi ɗayan inda aiki ya kai shi, shi ne zai kwana a ciki. Tambayoyin suna da yawa, mutum yakan gaji, kuma mai kawaici ba ya son a ga kamar kwaɗayi ne ya sa ya canza abin da ya tarar. Da kamfanin ya bar wuraren babu zaɓi, da ya fi kusa da gaskiya.

Daga nan ne ake isowa inda gizo ke saƙa. Idan daftari ya fito, shafin yakan nuna maɓalli biyu: babba mai launi na sauke takardar nan take, da ƙarami a gefe na ƙara lauyoyi su duba, wanda kuɗinsa ya zarce na daftarin kansa. Tsarin shafin yana nuna wa mai saye cewa lauya ƙarin ado ne, kuma tarihin shari'o'in wannan fanni ya saɓa wa hakan. A 1988 budurwar Barry Bonds, fitaccen ɗan wasan besbol na Amurka, ta sa hannu a kan yarjejeniya ana gobe ɗaurin aurensu ba tare da lauyanta na kanta ba. Kotun ƙolin Kalifoniya ta tabbatar da yarjejeniyar a 2000, amma hukuncin ya sa majalisar jihar ta gyara doka, inda daga 2002 aka wajabta tazarar aƙalla kwana 7 tsakanin miƙa wa mutum yarjejeniyar da sa hannunsa, aka kuma ce yafe haƙƙin ciyarwa bayan rabuwa ba ya aiki a kan wanda ba shi da lauyansa mai zaman kansa lokacin da ya sa hannu. Ke nan mai zama a wannan jiha da ya danna babban maɓallin zai iya fita da takardar da ɗaya daga cikin muhimman sassanta ba shi da ƙarfi tun daga ranar farko. A Ostiraliya ma yarjejeniyar ba ta ɗaure kowa a ƙa'ida sai kowane ɓangare ya samu shawarar lauyansa daban, lauyan kuma ya ba da takardar shaidar hakan.

Lauya kaɗai ma bai wadatar ba idan lokaci ya ƙure. A shari'ar Thorne da Kennedy, wadda babbar kotun Ostiraliya ta yanke a 2017, wani attajiri ya kawo wa amaryarsa, baƙuwa a ƙasar da ba ta da dukiya, yarjejeniya ana saura 'yan kwanaki biki, danginta sun riga sun iso daga ƙasar waje, ya kuma shaida mata cewa idan ba ta sa hannu ba an fasa. Lauyarta ta gargaɗe ta kada ta sa, ta sa ana saura kwana 4, ta sake sa hannu a kan makamanciyarta jim kaɗan bayan auren, kotun kuma ta rushe duka biyun. A ɗaya ɓangaren akwai shari'ar Radmacher da Granatino ta 2010, inda kotun ƙolin Birtaniya ta ba yarjejeniyar da aka rubuta a Jamus a 1998 cikakken nauyi duk da cewa mijin bai nemi shawarar lauyansa ba, domin ma'aikacin banki ne wanda ya san abin da yake sa wa hannu. Ƙa'idar da kotun ta kafa ita ce a mutunta yarjejeniyar da kowa ya shiga da yardarsa, yana sane da abin da za ta haifar, sai dai idan riƙe su a kanta zai zama rashin adalci bisa halin da ake ciki. A duk shari'o'in nan uku alƙalai sun fi tsayawa a kan yadda aka samu sa hannun fiye da kyawun rubutun. Hukumar nazarin dokoki ta Ingila da Wales ta ba da shawara a 2014 cewa kada a ƙulla irin wannan yarjejeniya a cikin kwana 28 na ƙarshe kafin aure. Dandalin yana tambayar ranar ɗaurin aure, amma ko da an rubuta jibi, ɗan gargaɗi kawai yake nunawa ya bar mutum ya wuce. A ganina kamfanin da ya san aikinsa ya kamata ya ƙi sayar da takardar a wannan hali.

Mu dai mun biya kuɗin lauyoyi, kowa da nasa, kuma a nan na ga tazarar da ke tsakanin daftari da yarjejeniya. Ganawar ta bidiyo ce. Lauyar da ta duba mini ta buɗo takardar a allo, ta shafa wa wata jimla launin rawaya a sashen gida, inda aka ce gidan maigida zai ci gaba da zama nasa tare da duk ƙarin da darajarsa ta yi, sannan ta gangara wasu shafuka ta shafa wa wata, inda aka ce albashin da kowa ya samu bayan aure na tarayya ne. Daga wannan albashin ake biyan jinginar gidan. Ta ce, "Malama, idan kika sa hannu a haka, za ki yi shekaru kina biyan rabin kuɗin gidan nan, ki fita ba ki da ko ƙofa ɗaya a cikinsa." Kowace jimla daidai take da amsar da muka bayar, manhajar ba ta yi kuskuren kwafa ba, abin da ta kasa shi ne ganin abin da jimlolin biyu suke haifarwa idan suka haɗu. Daftarin riga ce da aka yanka bisa awon kowa da kowa, sai da lauya ta gwada a jikina aka ga inda ta matse. An gyara sashen ta yadda abin da aka biya da kuɗin tarayya zai zama kaso na tarayya a darajar gidan, aka kuma cire yafe ciyarwa gaba ɗaya, aka sa tsarin da ke ƙaruwa da tsawon zaman aure, da ƙarin tanadi ga wanda ya ajiye aiki saboda yara. Irin wannan tanadi yana kare mai dukiyar ma, domin yarjejeniyar da ta bar mutum ɗaya hannu rabbana ita ce ta fi saurin faɗuwa a kotu. A 2001 kotun tsarin mulkin Jamus ta tsoma baki a shari'ar wata mata da ta yafe haƙƙoƙinta tana ɗauke da juna biyu, kuma tun daga nan kotunan ƙasar suke duba ko an ɗora wa ɓangare ɗaya nauyin da ya wuce kima.

Ƙorafina a kan sashen lauyoyi shi ne an taƙaita lokacin ganawa da yawan gyaran da kuɗin farko ya ƙunsa, abin da ya wuce haka sai an sake biya, kuma ba a faɗi hakan a fili ba kafin a biya. Lauyan maigida ya riƙa jinkirin amsa saƙo, kamfanin kuma ya ce ba ya iya sa baki domin lauyoyin masu zaman kansu ne.

Fansho ma wani wuri ne da daftarin ya yi shiru inda ya kamata ya yi magana. Ya sa sashen da kowa ya yafe haƙƙinsa a fanshon ɗayan, alhali kuɗin fansho sau da yawa suna da tasu doka da nasu fom daban. A Amurka, misali, tun gyaran dokar tarayya na 1984, haƙƙin da miji ko mata suke da shi a yawancin fanshon wurin aiki idan ma'aikacin ya rasu ba ya yafuwa sai da sa hannun wanda ya riga ya zama miji ko mata, a gaban notari (jami'in da doka ta ba ikon shaida sa hannu a kan takardu) ko wakilin asusun. Sa hannun saurayi ko budurwa bai isa ba, sai an sake bayan aure, kuma dandalin ba ya tunatar da kowa.

Ya yi daidai da ya ƙi karɓar duk wani sharaɗi kan riƙon yara ko kuɗin ciyar da su, ya kuma bayyana cewa haƙƙin yara ne, kotu ce take dubawa bisa maslaharsu a lokacin da abin ya taso. Abin mamaki shi ne kamfanin da ya san wannan ya buɗe wani sashe na sharuɗɗan zaman gida, inda ake iya sa tara a kan cin amana ko a kan abin da ɗaya ya wallafa game da ɗayan a kafafen sada zumunta. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta ƙi zartar da tarar dala 50,000 da wasu ma'aurata suka rubuta a kan cin amana. Lauyoyinmu duka biyu sun ce mu bar sashen babu komai.

Ɓangaren yarjejeniyar bayan ɗaurin aure ya fi rauni. Abin da ya mayar da mu shi ne maigida ya gaji kaso a wani gini tare da 'yan'uwansa, muna kuma shirin zuba ajiyarmu ta tarayya wajen gyara shi, ni kuma na rage aiki bayan haihuwa. Manhajar ta dawo da tsohon jadawalinmu ta ajiye shi kusa da sabon, wanda ya sauƙaƙa aiki sosai. Amma daftarin da ya fito kusan na farkon ne aka canza wa 'yan kalmomi, har na tarar da wata jimla da ke magana a kan auren da muke shirin yi. Bambancin takardun biyu ya fi haka zurfi. Kafin aure mutum yana yafe abin da bai riga ya samu ba, kuma yana da damar fasawa. Bayan aure kuwa haƙƙi ne da ya riga ya shiga hannunsa yake saki, sau da yawa da yara a tsakani da tsoron mutuwar auren, shi ya sa kotuna da dama suke tsananta bincike a kanta. Jihar Ohayo ba ta halatta irin wannan yarjejeniya ba sai a 2023. A Afirka ta Kudu, dokar dukiyar aure ta 1984 ta ce ma'aurata ba sa canza tsarin dukiyarsu bayan aure sai da izinin kotu, bayan an sanar da masu bin su bashi. A Faransa ana yi a gaban notari, an cire sharaɗin jiran shekara 2 a 2019, amma dole a sanar da 'ya'yan da suka balaga da masu bin bashi, suna kuma da damar ƙin amincewa.

Maganar masu bin bashi ba ta zo a banza ba, domin yarjejeniyar da aka yi don a mayar da kadara sunan mata ko miji lokacin da ake bin ɗayan bashi ana iya warware ta a matsayin zamba ga masu bashin. Dandalin bai tambaye mu ko akwai wata ƙara ko wani mai neman kuɗi a kanmu ba. Bai kuma faɗa mana cewa rubuta a yarjejeniya cewa kadara ta zama ta tarayya ba ya canza sunan da ke kan takardar mallaka, sai an je an yi rajista, wani lokaci har da batun haraji. A namu lamarin ma akwai 'yan'uwan maigida masu kaso a ginin, waɗanda yarjejeniyarmu ba ta ɗaure su, saboda haka lauyoyi suka rubuta cewa kuɗin gyaran bashi ne a kan kason maigida wanda zai dawo cikin dukiyar tarayya, maimakon a ce ina da mallaka a ginin. Babu wani zaɓi a cikin manhajar da zai iya fitar da wannan.

Wajen sa hannu, dandalin yana tallata sa hannun lantarki a matsayin mataki na ƙarshe, wanda ya wadatar a wasu wurare, a wasu kuwa bai wadatar ba. A Jamus da Faransa da Afirka ta Kudu sai a gaban notari, a Afirka ta Kudu ma sai an yi wa takardar rajista a ofishin rajistar kadarori cikin wata 3. Masu tunanin komawa wata ƙasa su san cewa sashen da ya zaɓi dokar da za a bi ba kowace kotu ce take karɓarsa ba, ko da yake ƙasashe 18 na Tarayyar Turai suna aiki da wata ƙa'ida tun 2019 wadda ta ba ma'aurata damar zaɓar dokar ƙasar da ɗayansu yake zaune ko yake da shaidar zama ɗanta. A kan mutuwa kuwa sakin layi ɗaya kawai aka yi, alhali masu aure na biyu da ke da 'ya'ya daga auren farko sun fi buƙatar wannan ɓangare fiye da batun saki, kuma yarjejeniyar ba ta ɗauke musu rubuta wasiyya.

Idan aka haɗa kuɗin daftari da na lauyoyi, abin da muka kashe bai kai abin da aka ƙiyasta mana ba da lauyoyi ne suka faro aikin daga tushe, domin ba su ɓata lokaci wajen tattara takardu ba. Masu kula da abokan ciniki suna amsawa da sauri a kan matsalar manhaja, suna kuma ƙin amsa tambayar shari'a, wanda shi ne daidai. Hidimar ta dace da mutum biyu da ƙarfinsu bai yi nisa da juna ba, dukiyarsu tana ƙasa ɗaya, suna da watanni a gabansu, kuma sun yarda tun farko cewa kowa zai ɗauki lauyansa. Wanda yake da kamfani mai masu hannun jari da yawa, ko kadara a ƙasashe daban-daban, ko wanda abokin zamansa bai iya harshen takardar sosai ba, ko izinin zamansa a ƙasar ya rataya a kan auren, gara ya fara daga ofishin lauya.

Saura batun sirri, domin duk takardun banki da na fansho da na haraji na mutum biyu suna zaune a rumbun kamfanin. Ƙa'idojinsa sun ce za a riƙe su muddin asusu yana buɗe, kuma akwai kuɗin ajiya na shekara-shekara da ke sabunta kansa idan ba a soke ba. Da na nemi a goge namu sai aka ce dole buƙatar ta fito daga asusun biyu, bayan maigida ya aika tasa aka turo mana tabbacin gogewa a rubuce. Kafin a kai ga haka ya kamata kowa ya sauke cikakken kwafin da aka sa wa hannu, tare da jadawalin dukiya biyu da takardun shaidar lauyoyi, domin da zarar an goge kamfanin ba ya iya dawo da su, kuma a cikin maɓallan saukewa akwai wanda yake fitar da jikin yarjejeniyar kaɗai ba tare da jadawalin ba.